Tiyatar Huhu a Tarihin Maganin Tarin Fuka

Tiyatar huhu ta girmi ƙwayoyin maganin tarin fuka. A 1882 likitan Italiya Carlo Forlanini ya kawo dabarar hura iska a ƙirji don huhun da ya kamu ya lotse ya huta. Daga baya likitoci suka riƙa cire wasu haƙarƙari, aikin da kan bar mutum da karkatacciyar kafaɗa har abada. Da aka samu streptomycin a 1943 da isoniazid a 1952, sai rifampicin ya biyo baya, aka jingine wuƙa.

Tarin da ke bijire wa isoniazid da rifampicin ne ya dawo da ita, musamman a Rasha. Cutar kan yi kogo a huhu, inda jini ba ya kai magani sosai, ƙwayoyin cutar kuwa su yi ta hayayyafa a ciki. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yanke ɓangaren da ya lalace, amma tare da shan magani.

A Najeriya, shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ke Abuja, wanda aka kafa a 1989, ya fi dogara da magani, ga kuma ƙarancin likitocin tiyatar ƙirji. An buɗe cibiyar farko ta jinyar tarin da ke bijire wa magani a asibitin koyarwa na Ibadan a 2010. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar maganin wata shida ga irin wannan tarin.