Mutum-mutumi ko Rijiya: Nazarin Hanyoyin Tunawa da Mahaƙan Ma'adinai a Inugu da Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta yadda ake tunawa da mahaƙan kwal na Inugu da yadda Hausawa ke tunawa da waɗanda rami ya rufta da su. Sakamakon nazarin ya nuna cewa rubutaccen suna da ƙungiyar ƙwadago su ne tushen tunawa mai ɗorewa.

1.0 Gabatarwa

An gano kwal a yankin Udi a 1909, kuma zuwa 1916 jirgin ƙasa ya fara kai shi Fatakwal. A ƙasar Hausa kuwa, haƙar da ta fi jan matasa ita ce ta zinariya, mafi yawanta da diga da shebur. Tambayar binciken ita ce: me ya sa wasu mamatan ke shiga tarihi, wasu kuma labarinsu ya tsaya a zaman makoki?

2.0 Inugu da Senghenydd

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan ma'aikatan mahaƙar Iva Valley da ke neman haƙƙinsu, suka kashe 21, suka raunata 51. Gwamnati ta kafa kwamitin Fitzgerald, 'yan kishin ƙasa kuma suka mayar da kisan makamin neman 'yancin kai. Yau mutum-mutumin tunawa da su na tsaye a birnin Inugu. Haka a Senghenydd ta yankin Wales a Birtaniya, inda fashewar iskar gas ta halaka mahaƙa 439 a 1913, an buɗe dandalin tunawa na ƙasa a 2013. A duka wuraren biyu mamatan ma'aikata ne masu rajista, da ƙungiyar da ta tsaya musu.

3.0 Ɗan Isa

A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman da ke ƙaramar hukumar Ɗan Isa, jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A irin wannan haƙa babu takardar ɗaukar aiki. Ɗan ci-ranin da ya baro Roni, Gwiwa ko Ɓaɓura, da laƙabi ko sunan garinsu kawai abokan aiki za su san shi. In ƙasa ta danne shi, sai a tono da hannu, a yi masa sutura, a binne, labari ya isa gida ta waya.

Musulmin Hausawa ba sa sassaƙa siffar mamaci, kuma galibi tudun ƙasa ne kaɗai alamar kabari. Tunawarsu ita ce addu'a, da sadakar uku, bakwai da arba'in a inda ake yin ta, da sadaka mai gudana. Wannan tsari yana amfanar mamaci da iyalinsa, amma ba ya ajiye hujjar da za a tuhumi mai rami ko hukuma da ita.

4.0 Kammalawa

Ba lallai ne a kwaikwayi Inugu ba. Maƙalar na ba da shawarar matakai biyu: ƙananan hukumomi da masarautu irin ta Kazaure su buɗe rajistar masu tafiya haƙa da waɗanda suka rasu a can, sannan a gina rijiya ko ɗakin shan magani a garuruwansu, da allo mai ɗauke da sunaye, ranar haɗari da musabbabinsa. Ta haka za a cika buƙatar addini, magada kuma su sami shaidar neman diyya.