Tsakanin Sauƙi da Warkewa: Abin da Babbar Ruga ta Yi wa Wata Kalma

A wajenmu Runka, kamar sauran ƙasar Hausa, in ka je duba maras lafiya ka ce "Yaya jiki?" amsar da za ka ji ita ce "Da sauƙi," ko da kuwa mutumin ba ya iya ɗaga kai daga tabarma. Ba ƙarya ya yi maka ba. Sauƙi a bakin Bahaushe rabinsa labari ne, rabinsa fata da godiyar Allah, shi ya sa mai dubiya kan mayar da "Allah ya ƙara sauƙi." Wanda ya suma ya dawo, ya farfaɗo, wanda ya tashi daga jinya yana mayar da jiki, yana murmurewa. Lafiya kuwa aro ce daga Larabci, watau al'afiya.

Amma "warke" daban take, ba a saurin furta ta. Ɗaliban nahawu za su tuna cewa a tsarin aikatau da Parsons ya fitar a 1960, masu ƙarewa da -e na rukuni na huɗu sukan nuna aiki ya kai ƙarshe: ƙone, cinye, bushe. To, warke tana cikinsu. Gyambo ya warke in ya rufe, kowa ya gani da idonsa. Ni a ganina nan ne tushen maganar: warakar Bahaushe aba ce da ido ke shaidawa. Kuturta ce ta zo ta gwada wannan ma'ana.

Wanda ya taso daga Runka ya bi ta Batsari zai shiga Katsina, sai ya wuce Babbar Ruga. A wajen 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka danƙa wa Mishan ta SIM kula da kutare a can, kamar yadda aka ba su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Maganin lokacin wani mai ne na itacen ƙasar Indiya da ake yi wa mutum allurarsa, ga zafi, ga ƙarancin amfani. Mutum kan shekara da shekaru a zaune, abin da yake samu bai wuce sauƙi ba. A gari kuwa kuturta ta riga ta zama matsayi kamar sana'a: kutare da sarkinsu, da karin maganarsu, irin su "kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano." Ba wanda ke tsammanin a fita daga wannan suna, sai dai a mutu da shi.

Sai a ƙarshen shekarun 1940 Dokta John Lowe, a Uzuakoli ta Gabashin Nijeriya, ya nuna cewa ƙwayar dafson mai araha, in ana sha kaɗan-kaɗan, tana maganin cutar. Cikin shekarun 1950 aka baza ta a ƙananan wuraren shan magani na karkarar Arewa, ba sai an raba mutum da gonarsa ba. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa magunguna biyu ko uku, abin da daga baya ya mayar da jinyar wata 6 zuwa 12. Daga nan wata kalma ta samu sabon aiki, watau sallama: an sallame shi, likita ya ce ya warke.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. Abin da likita ke nufi shi ne ƙwayar cutar ta mutu, mutum ba zai ɗauka wa kowa ba. Ita kuwa ƙwayar, jijiyoyin ji take lalatawa. Hannu ya daina jin zafi, wuta ta ƙona shi, ƙaya ta soki ƙafa, mai ita bai sani ba, har yatsu su gutsure. Magani ba ya mayar da yatsa, ba kuma ya tayar da jijiyar da ta mutu. Sai mutum ya koma ƙauye da shaidar sallama a aljihu, ’yan’uwa su dubi hannunsa su ce da sauƙi dai. A wajen neman aure da cin tuwo a kwano ɗaya, hukuncin ido ake bi, ba na asibiti ba. Wanda aka gano da wuri kuwa, tun yana da tabo ɗaya a fata, ya warke a ma'anar likita da ta gari duka, amma shi ba ya so a san ya taɓa yin ciwon, balle a yi masa barka.

Ita Babbar Rugar ta sake wani aikin. Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan da ya zo aikin kuturta a 1983, ya fara ɗinkin mata masu yoyon fitsari a 1984, har wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Nan ba gardama tsakanin likita da gari, don in fitsari ya tsaya, zane ma ya shaida.

A 1998 Nijeriya ta kai mizanin da aka sa na ƙasa da mutum 1 cikin 10,000 mai kuturta. Ma'aikatan lafiya sun koma cewa "waɗanda kuturta ta taɓa shafa," don su raba mai ciwo da wanda ya gama magani. Kalmomi biyar ke nan suna takara da guda ɗaya, kuma ban taɓa jin wani ya furta su a kasuwar Runka ba.