Lissafin miƙaƙƙen layi a kasuwancin tufafi

Lissafin miƙaƙƙen layi, wanda ake kira linear programming da Turanci, hanya ce ta lissafi da ake bi don gano yadda za a raba jari da wurin ajiya a tsakanin kayayyaki daban-daban domin samun riba mafi yawa. A kasuwancin tufafi, ana amfani da shi wajen sanin adadin atamfa, shadda, leshi ko ɗinkakkun kaya da ya kamata ɗan kasuwa ya saro.

Tarihi

Masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Leonid Kantorovich, ya wallafa tushen hanyar a shekarar 1939, bayan ya yi nazarin matsalar wata masana'antar katako a Leningrad. A 1947 George Dantzig na Amurka ya ƙirƙiro dabarar simplex ta warware irin waɗannan matsaloli. Kantorovich da Tjalling Koopmans sun samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975.

Yadda yake aiki

Lissafin yana da ɓangarori uku: adadin kowane irin kaya, jimillar ribar da ake son ƙarawa, da iyakoki kamar jari da girman shago. Idan kayan iri biyu ne, ana zana iyakokin a matsayin miƙaƙƙun layuka, kuma ana samun amsa mafi kyau a ɗaya daga cikin kusurwoyin siffar da suka kewaye. Idan kayan sun yi yawa, ana amfani da kwamfuta, misali Solver na Microsoft Excel.

Misali

A ƙaddara wani mai shago a Darna Sabon Gari, ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, zai je sari kasuwar Kantin Kwari a Kano da jarin naira 1,000,000, kuma shagonsa ba ya ɗaukar fiye da turmi 80. Ƙaramar atamfa naira 10,000 ce, ribarta 2,000. Babbar atamfa 20,000, ribarta 3,000.

Idan ya saro ƙarama kaɗai, turmi 80 za su cika shagon, ribarsa 160,000, kuma naira 200,000 za ta zauna ba aiki. Idan babba kaɗai ya saro, kuɗin za su ƙare a turmi 50, ribarsa 150,000. Amma turmi 60 na ƙarama da 20 na babba suna cinye jarin da wurin gaba ɗaya, su kawo ribar 180,000. Wato kaya mafi riba a turmi ɗaya ba shi ne kullum ya fi dacewa a cika shago da shi ba.

Iyakoki

Hanyar tana ɗauka cewa farashi ba ya canzawa kuma duk kayan za su shiga. A garin kan iyaka kamar Illela, wanda ke maƙwabtaka da Birnin Ƙonni na Nijar, ciniki ya danganta da canjin naira da sefa, da lokutan Sallah da bukukuwan aure. Rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya nuna yadda masu saye ke iya raguwa kwatsam. Saboda haka ana ƙara iyakar abin da kasuwa za ta iya sha, a kuma sake lissafin duk lokacin da farashi ya motsa.