Allunan da Fim Bai Nuna Maka Ba

Mai karatu, in a birnin Katsina ka tashi kamar ni, a fim ɗin Indiya ka fara ganin jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen Ƙauran Namoda da ya ratsa Funtuwa ya kammala a 1929, amma birninmu shiru.

Jirgi fa ba mota ba ne, ko an kama birki sai ya yi nisa kafin ya tsaya. Shi ya sa in damina ta zaizaye ƙarƙashin dogo, ma'aikata kan kafa allon gargaɗi tun daga nesa, sai mai nuna iyakar gudu, sai na sallama. Direba ba ya ƙara wuta sai taragon ƙarshe ya wuce wurin.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Katsina. Fargabata 'yan jari-bola, masu auna kowane allo da kilo.