Asalin Kalma: Dimokuraɗiyya

Kalmar dimokuraɗiyya 'yar ƙasar Girka ce, an ƙera ta daga kalmomi biyu: "demos", wato jama'ar gari, da "kratos", wato iko. Ma'anarta ke nan ikon jama'a. Siffarta a Hausa tana nuna hanyar da ta biyo. Larabawa suna cewa "dimuƙraɗiyya", kuma harafin ɗa na Larabci shi ne muke furtawa a ɗalibi da sharaɗi.

A birnin Atina tsarin ya kafu, bayan gyare-gyaren wani ɗan siyasa mai suna Kilistenis a wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). 'Yan gari sukan taru a kan tudun Finikis su yanke shawarar yaƙi da dokoki da kansu, ta hanyar ɗaga hannu. Majalisar mutum 500 da ke tsara abin da za a tattauna kuwa, da ƙuri'ar sa'a ake fitar da ita, don kada dukiya ko dangi su ba wani fifiko.

Sai dai "demos" ɗin bai haɗa kowa ba. Maza 'yantattu 'yan asalin gari kaɗai ke da baki. Mata, da bayi, da baƙi mazauna birnin duk an bar su a waje. Wasu garuruwan Girka da dama kuwa sun bi "oligarkiya", mulkin 'yan tsiraru masu hali.

Yau kalmar tana nufin zaɓen wakilai, mace da namiji, talaka da mai kuɗi. Wanda ya ambace ta ya tuna cewa ikon na jama'a ne, shugaba riƙon amana kawai yake yi.