Kwashiyoko: Sunan da Uwaye Suka Raɗa, Ma'anar da Masana Suka Sauya

A shekarar 1929 wata likita 'yar asalin Jamaika mai suna Cicely Williams ta sauka a Gwalkwas, ƙasar da ake kira Ghana a yau, tana ma'aikaciyar lafiya ta gwamnatin mulkin mallakar Ingila. A asibitin yara na Gimbiya Marie Louise da ke Accra ta riƙa ganin wata cuta wadda babu ita a littattafan da ta karanta a Oxford. Za a kawo yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu, ƙafafu da hannuwa sun kumbura, fata tana saɓulewa kamar wanda ruwan zafi ya zuba wa, gashi ya yi ja ya yi laushi, ga zawo, ga ƙin abinci. Da yawansu ba sa tashi. Da ta nemi sunan cutar a wurin mutanen gari, sai aka ce mata da harshen Ga sunanta kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda ƙaninsa yana tafe.

Wannan suna ba zai ba Bahaushe mamaki ba, domin mu ma muna da kalmar kwanika, kuma kakanninmu sun daɗe da sanin abin da take jawo wa yaron goye. Abin lura shi ne sunan ya ƙunshi tarihin gida ɗungurungum: haihuwa kusa da kusa, yayen gaggawa, da yaron da aka sauke daga nono aka ɗora a kan kokon masara zalla. Williams ta fahimci haka. A 1933 ta wallafa bayanin cutar tana danganta ta da abincin masara, a 1935 kuma ta shigar da kalmar kwashiyoko cikin mujallar Lancet. Ta yi taka-tsantsan, ta ce mai yiwuwa ne ƙarancin furotin yana da hannu, ba ta yanke hukunci ba. Manyan likitocin Landan ba su yi mata da daɗi ba. Hugh Stannus, wanda ake yi wa kallon gwani a kan cututtukan Afirka, ya dage cewa felagira ce kawai ta gani ta kasa ganewa. A 1936 aka mayar da ita Malaya. Wani abin mamaki, madarar gwangwani da man hantar kifi ta riƙa ba yaran Accra, amma a Singafo, da ta ga yadda kamfanoni ke raba jarirai da nonon uwa ta hanyar tallar irin wannan madara, sai ta tsaya gaban ƙungiyar Rotary a 1939 ta kira abin kisan kai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amarin ya juya. Williams ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro na Hukumar Lafiya ta Duniya a 1948, kalmar da aka raina kuma ta samu karɓuwa. Sai dai ta karɓu ne da sabuwar ma'ana. A 1952 John Brock da Marcel Autret suka fitar da rahoton zagayen da suka yi a ƙasashen Afirka, suka ɗora alhakin cutar a kan ƙarancin furotin. Daga nan aka daina maganar kwanika da yaye da talaucin gida, aka koma maganar sinadari guda. An kafa kwamitin ba da shawara kan furotin a 1955, kuma a 1968 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto tana gargaɗin cewa duniya na dab da faɗawa bala'in ƙarancin furotin. A daidai lokacin ne hotunan yaran Biyafara masu kumburarren ciki suka cika jaridun Turai, suka ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi.

An kashe dukiya da basira wajen cike giɓin da ake zaton akwai. An yi garin kifi, an yi ƙoƙarin samar da furotin daga ƙwayoyin halittar da ake kiwo a kan man fetur, an yi ta jigilar rarar garin madarar Amurka zuwa ƙasashe matalauta. A Gwatamala an haɗa Incaparina daga garin masara da na angurya, kuma tana cikin 'yan kaɗan da suka ɗore. Yawancin sauran sun fi ƙarfin aljihun waɗanda aka yi dominsu. A ganina, abin da ya sa ra'ayin ya yi farin jini haka shi ne sauƙinsa ga masu mulki: idan matsalar sinadari ce, masana'anta za ta magance ta, ba sai an taɓa maganar gona da farashi da rabon arziki ba.

Tun a 1968 masanin Indiya Coluthur Gopalan ya nuna cewa yaran da suka kumbura da waɗanda suka rame suka ƙanjame abinci iri ɗaya suke ci. A 1973 kwamitin masana na hukumomin abinci da lafiya ya rage adadin furotin da aka ce jiki yana buƙata, sai giɓin ya tsuke a kan takarda ba tare da an ƙara wa kowa loma ba. Shekara guda bayan haka Donald McLaren na Jami'ar Amurka da ke Beirut ya rubuta a Lancet cewa dukan yunƙurin babban shirme ne. Hujjarsa ita ce yaran da ke ramewa sun fi masu kumburi yawa nesa ba kusa ba, kuma abin da suka rasa abinci ne isasshe; in hatsi da wake sun wadata, furotin zai biyo. A 1975 John Waterlow da Philip Payne suka mara masa baya a mujallar Nature, a 1977 kuma aka rushe kwamitin furotin.

Maganin da ya fi tasiri ya zo ne ta wata hanya daban. A 1996 likitan Faransa André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa Plumpy'Nut daga niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin da ma'adanai. Ba ya buƙatar ruwa ko dahuwa, don haka uwa za ta iya ba ɗanta a ɗakinta, ba sai an kwantar da su a asibiti makonni ba. An gwada shi a Habasha da Malawi, amma yunwar 2005 a Nijar ce ta nuna iyakar ƙarfinsa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, akasarinsu a yankin Maraɗi. Mafi yawan waɗannan yara ramewa suka yi, kamar yadda McLaren ya faɗa shekara 31 kafin nan. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince a riƙa yin wannan jinya a gida.

Ana iya warkar da kwashiyoko yanzu, amma masana ba su daidaita a kan musabbabin kumburin ba. Ralph Hendrickse ya zargi gubar fumfunar da ke kama masara da gyaɗa. Michael Golden ya ce garkuwar ƙwayoyin jiki ce ke gazawa, sai dai gwajin da aka yi a Malawi aka wallafa a 2005 bai tabbatar da hakan ba. A 2013 wani bincike a kan tagwaye 317 a ƙasar ta Malawi ya samu gidajen da ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira, alhali tukunya ɗaya suke ci, ya kuma nuna cewa ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji suna da hannu. Williams ta rasu a 1992, ba ta ga wannan ba. A asibitocin karkara kuwa, har yau hanyar gane cutar ita ce ma'aikaciyar lafiya ta danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa 3, ta duba ko wurin ya lotsa.