Abin da Ya Kayar da Motar Lantarki a Karon Farko

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar motar lantarki a matsayin baƙuwar da Tesla ta zo da ita jiya-jiya, alhali ta girmi motar fetur. A 1881 wani Bafaranshe, Gustave Trouvé, ya ɗora batir da injin lantarki a kan keke mai ƙafa uku ya hau titin Paris, shekara biyar kafin Karl Benz ya yi rajistar motarsa. Wato kakan motar lantarki ɗan uwan adaidaita sahu ne. Motar da ta fara haura kilomita 100 a awa, a 1899, ita ma ta batir ce. A wajajen 1900 kusan sulusin motocin Amurka da lantarki suke tafiya: ba hayaƙi, ba ƙara, ba wahalar juya ƙarfen tayar da inji.

To, me ya kayar da ita? An saba ambaton dalilai uku: fetur mai arha da ya ɓulɓulo a Texas, motar Ford Model T ta 1908 wadda talaka ke iya saye, da kuma sitata da Cadillac ta fito da ita a 1912, wadda ta raba direba da juya ƙarfe. Duk gaskiya ne. Amma a ganina babban dalilin shi ne karkara. Har tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wuta a Amurka. Galan ɗin fetur kuwa ana kai shi duk inda jaki zai kai. Motar lantarki ta maƙale a birni, har ta mutu a can.

Batirin litiyom, wanda Sony ta fara sayarwa a 1991, shi ya tashe ta. Tesla ta biyo baya a 2008, Nissan Leaf a 2010, yau kuma China ce ke jan ragamar kasuwar. A Najeriya an ƙaddamar da Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas a 2020. A 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana Chevrolet Volt, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya mayar da zancen na aljihu.

Sai dai tambayar karkara tana nan, kuma Kano ta Kudu ce ma'auninta. Direban da ya ɗauko masara daga Kiru zuwa Kwanar Dangora, ko ya nufi Doguwa ta dajin Falgore, a ina zai yi caji? Abin takaici, madatsar Tiga da Audu Bako ya gina tana nan a Bebeji, amma tashar megawat 10 da aka kafa a jikinta an tsara ta ne don matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni.

Shi ya sa nake zaton lantarki ba da jif zai shigo Kiru ba. Zai shigo ne da babur da keke mai ƙafa uku, masu ƙaramin batir da za a iya cirewa a musanya a rumfar mai sola, irin wadda ake kai wa waya caji a yau.